Kansilan da Ya Tura Mana Mota

Kansilanmu na wancan lokacin mutumin kirki ne, ba zan ɓoye ba. Ɗan Barkiya ne kamar ni, tare muka yi kiwo muna yara. Ba a suna ko jana'iza babu shi, in ya tarar ana cin tuwo kuwa zama yake ya sa hannu. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, yakan ce, "Wannan namu ne, bai san girman kai ba."

Wata damina hawan jini ya taso wa mahaifiyata, muka sa ta a motar kasuwa za mu kai ta asibitin Kurfi. Da muka isa rafin da ya ratsa hanya, sai mota ta kafe a laka. Muna cikin fama sai ga kansila a kan babur. Ya naɗe wando, ya shiga har gwiwa yana turawa, yana ba mutane dariya. Sai da rana ta take muka fita. Tsohuwa ta galabaita ƙwarai, amma da sauran kwananta.

Da muka dawo, zancen majalisar hira ke nan, kowa na sa masa albarka. Na ce, "Kawu, tun da ya hau, kowace damina a wurin nan yake tura mota. Kwalbati fa muke nema."

Kawu ya harare ni. "Kai dai ba ka da godiya. Wane kansila ne zai shiga laka saboda uwarka?"

Na ce, "Na gode masa har gida. Amma turin mota ni ma na iya. Na zaɓe shi ne don ya yi abin da ya fi ƙarfina."

Da zaɓe ya zagayo, wani ɗan mazaɓarmu ya fito, tsohon ma'aikacin gina hanyoyi da ke zaune a Dutsin-Ma. Gaisuwarsa gajera ce, ba ya raha, ko sunana bai riƙe ba. A wurin taro ya faɗi abin da kansila zai iya da wanda ba zai iya ba, ya ƙi yin alkawarin da ya wuce haka. Mutane suka yi ta hamma. Ni kuwa ban taɓa jin ɗan takara ya fi ni sanin matsalata ba sai ranar.

Na bi gida gida ina yi masa kamfe. Abokai suka ce na sayar da ɗan'uwa, Kawu ya daina amsa sallamata da fara'a. Aka kaɗa ƙuri'a, mutumin nawa ya faɗi, faɗuwa mai muni.

Bayan girbi na same shi a Dutsin-Ma don in jajanta. Bai bari na gama ba. Ya ce, "Malam, bar jaje. Tara mutane, zan raka ku sakatariyar ƙaramar hukuma a Kurfi kan maganar kwalbati."

Da ƙyar na samu 'yan tsiraru, muka je. An saurare mu, ba a yi komai ba tukuna. Mun koma, za mu kuma koma.

Kwanan baya Kawu ya tare ni a ƙofar masallaci. "In mutumin naka ya sake fitowa fa?"

Na ce, "Gidanka zan fara zuwa, Kawu."