Muryar 'Yarsa a Kaset

A Karantina aka haife ni, nan Jidda, inda kakana ya yada zango bayan Hajji bai koma gida ba. A shekarun da kuɗin mai suka buɗe ina gyaran motoci a wani gareji a Sharafiyya, sai maigidanmu ya kawo 'yan Filifin biyu, dogo da gajere. Albashinsu bai taɓa tsone min ido ba. Kaset ne ya tsone min.

Duk wata sai an aiko wa dogon da kaset daga gida. Lokacin cin abinci ya ɗora rikodarsa kan bonet, mu ji 'yarsa tana zuba kamar an kunce famfo, tana biya masa karatun makaranta. Na tambaye shi wane yare ne wannan. Da guntun Larabcinsa ya ce Tagalog, yaren uwarsa, wanda gwamnati ta ɗauka ta laƙaba masa sunan ƙasa, Filifino, ake koya wa kowane yaro. Gajeren ya ja tsaki. Ya ce Tagalog ne kawai aka sa wa babbar riga, su mutanen tsibirinsu an bar musu nasu a bakin murhu. Suka kaure da musu.

Ni musunsu bai dame ni ba. A ce yaren da uwarka ke maka faɗa da shi, shi ne na allo da rediyo? Wallahi na ji haushin dogon nan, alhali bai min komai ba. Don ni ma ina da 'ya, sa'ar tasa. Tana jin Hausa sarai, kakarta ba ta maimaita mata aike, amma amsa sai da Larabci.

Na sayi sabon kaset, na ari rikodar dogon. Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci na zaunar da ita, na danna rikodar ta fara ɗaukar murya.

"Yalla, 'yata, gaida abokan aikina da Hausa. Ce musu ina wuni."

Ta rufe fuska tana dariya. Na lallaɓa, na yi alkawarin alewa, har na ɗaga murya.

"Khalas ya baba, ana ta'bana," in ji ta, wai ta gaji.

Mahaifiyata ta leƙo daga ɗaki. "Ƙyale min jika. Kai ɗin rabin maganarka ba Larabci ba ce?"

Washegari na mayar da rikodar, na manta ban cire kaset ɗin ba. Muna cin shinkafa dogon ya danna. Ya saurara har ya ji muryar yarinyar, sai fuskarsa ta washe, ya dafa kafaɗata.

"Ashe yarenku da sauƙi! Duk abin da 'yarka ta faɗa na gane. Kai ne dai ban gane abin da kake faɗa ba."

Na ajiye lomar da na ɗauka. Gajeren ya dube ni, ya miƙa hannu ya kashe rikodar.