Sunan da Yaya ba ta kamawa

Shekara bakwai ke nan da Habiba ta fito daga gidansu a unguwar Moss Side ta Manchester da 'yar jakarta a kafaɗa, za ta zo hutun ƙarshen mako wurina a Sparkhill, cikin Birmingham. Ni ƙanwar mahaifiyarta ce. Na dafa mata shinkafa da wake irin na zangon Kumasi, inda aka haife ta, na yi ta zuba ido har abincin ya huce. Ba ta iso Birmingham ba, ba ta koma Manchester ba, kuma har yau babu wanda ya kawo mana ko da takalminta.

Washegari muka tafi ofishin 'yan sanda ni da Yaya Rabi, mahaifiyarta. Ɗan sandan da ya karɓe mu ya tambaye ta sunan 'yarta. Yaya ta sunkuyar da kai, ta ce "yarinyar", ta taɓa ni don in faɗa. Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san dalili: Habiba 'yar fari ce, uwa kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. Ya nemi hoto, babu a jakarta. Ya duba fuskarta, babu hawaye, alhali ni na san ko ruwa bai wuce maƙogwaronta ba tun jiya.

Na so in yi masa bayanin alkunya, amma wane Turanci ne zai ɗauki wannan kalma? Na ce masa "shame", sai abin ya ƙara lalacewa, don ya ɗauka kunyar wani abu da yarinyar ta aikata muke ji. Ya ce da alama uwa da 'ya ba sa jituwa, kuma budurwa mai shekara ashirin da biyu tana da ikon tafiya inda ta ga dama, mu koma gida za ta dawo idan ta huce. Kafin su yarda ɓata ta yi, makonni sun shuɗe, hotunan kyamarar tashar mota ma an goge su. Rashin sani ya fi dare duhu, na yarda, amma wanda bai sani ba ai tambaya yake yi. Wannan takaicin har gobe yana cina.

Namu kuma ba su bar mu mun ji da wannan ba. A wurin suna a unguwar Lozells, nan Birmingham, na ji da kunnena ana cewa idan bango bai tsage ba ƙadangare ba ya samun wurin shiga, wai ta bi wani saurayi London. Yarinyar da ke kwana tana wanke tsofaffin Turawa a gidan kula da su, ta fito ta wuce makaranta, ita ce aka mayar 'yar iska don kawai kowa ya samu ya yi barci. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma mata ne suka fi yaɗa maganar.

Kwanaki na ji a rediyo cewa a Kanada matan 'yan asalin ƙasar suna fitowa titi da hotunan 'ya'yansu da suka ɓace ko aka kashe, suna kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, domin su ma an ce musu yaran guduwa suka yi. Na ajiye abin da nake yi na zauna. Ashe ba mu kaɗai aka sallama da wannan magana ba.

Da Habiba za ta leƙo yau, na san dariya za ta fara yi min, ganin na yi waya mai kyamara ban iya amfani da ita ba. Za ta ga ƙanenta ya gama jami'a. Sannan za ta tambaya me muka yi a kanta. Ita ce mai tsokanar uwarta da harshenta na 'yan Manchester: "Mama, just say my name, ba zai cije ki ba." Yaya ta harare ta, ta kau da kai tana murmushi.

Abin da ya rage mana nata bai taka kara ya karya ba. Babu kabarin da za mu ziyarta, kuma idan ana addu'ar mamata ba mu san ko mu sa ta ba. Sunanta kawai muke da shi, shi ma tsakanin kunya da gulma ya kusa ɓacewa daga bakin mutane.

Da na gaya wa Yaya zan yi wannan rubutu, na tambaye ta abin da take so a ce. Sai ta ce, "Ki rubuta cewa ba guduwa ta yi ba. Ki ce Habiba 'yata ce."

Tun ranar da aka raɗa wa yarinyar suna, ban taɓa jin sa a bakinta ba sai ranar.