Hulunan Ranar Baƙi

Ina auna wake a shagona na Pantami aka kira ni, aka ce injin niƙa dutse ya ja ƙanena Ishaku. Kafin la'asar mun binne shi. Bayan sadakar bakwai matarsa Ladidi ta ce, "Yaya, ka je. A rediyo masu kamfanin fasa dutsen sun ce ba su san shi ba. Su dai faɗa da bakinsu ma'aikacinsu ne."

Pantami zuwa Tumfure

Na fita bayan sallar asuba, na hau Keke Napep. Da na faɗi inda za ni, direban ya yi dariya. "Alhaji, ka dace, yau ranar baƙi ce. Za ka sha kallon ado." Na gaya masa dalilin tafiyata. Ya daina dariya, a shingen 'yan sanda ma hannu kawai ya ɗaga. Muka wuce sababbin gidaje da gonaki, sauran hanyar na taka da ƙafa.

Wurin fasa dutse

Kowane lebura da sabuwar hular kwano da takalmin roba. Wai jami'ai sun zo daga Abuja duba yadda kamfanoni ke bin tsarin gwamnati na kare haƙƙin ɗan Adam. Bulus, abokin aikin Ishaku, ya ja ni bayan tifa.

"Yaya, da sun tafi za a karɓe hulunan a mayar sito. Murfin injin ma jiya aka ɗaura. Da yana nan ran nan, da bai kama rigarsa ba."

Na nufi baƙin, mai gadi ya tare ni. Manaja ya fito da fara'a. "Allah ya jiƙansa. Amma ɗan kwangila ne ya kawo shi. Je ka ofishinmu na GRA."

GRA

Na zauna a benci har azahar, ban ci komai ba sai gyaɗa. Sakataren ya ce, "Baba, tsarin sabo ne, ba mu naɗa mai sauraron koke ba tukuna."

"Mai raba huluna fa, kun naɗa?"

Ya mayar da kai kan wayarsa.

Gida

Na iso Pantami da magariba. Na gode wa Allah, na gode wa Bulus da ya yi magana alhali aikinsa na iya tafiya. Ladidi ta kawo mini ruwa, ta tsaya tana jira. Har yau ban samo mata maganar da ta aike ni nema ba.