Ɗalibina Mai Goge Allo

A Filinge ranar Lahadi kasuwa take ci. Ga mutanen gari wannan ba labari ba ne, amma mu 'yan tsirarun Kirista da aiki ya kawo garin, kullum waƙoƙinmu na sujada gauraye suke da kukan jakuna da ƙarar motocin ƙauye. Ni malamin lissafi ne a lise, wato babbar sakandare, daga wajen Dogon Dutsi aka turo ni. Ina da saurin fushi, kuma matata ta daɗe da sanar da duniya haka.

Wata Lahadi a farkon damina na dawo daga majami'a, na tarar da wani dattijo makiyayi tsaye a ƙofar gidana, sanda gicciye a kafaɗa. A bayansa akwai dogon saurayi da kansa a sunkuye. Na gane saurayin nan take. Tsohon ɗalibina ne daga wajen Sanam, mai kaifin kai da ƙarancin magana, wanda ya ci bak, jarrabawar gama lise, ya tafi jami'a a Yamai. Muka gaisa, muka tambayi ruwa da lafiyar bisashe, sannan dattijon ya zo ga magana, yana kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a nan.

"Mushe, ga ɗanka na kawo ma. Lissahi ya kada shi can Yamai. Sun ce dama guda ta rage mishi bayan damana, in ya sake hwaɗuwa sun sallame shi ke nan. Ni ban san karatu ba, sanda nis sani. In abin na shiga, shi ci gaba. In ba ya shiga, shanu na jiran shi."

Na ce na karɓa, da bakin nan nawa mai saurin alkawari. Sai daga baya na ji sauran bayanin. Motar garinsu ranar kasuwa kaɗai take shigowa, saboda hanyar ba ta da lafiya, kuma kafin la'asar take juyawa. Ke nan abin da nake da shi 'yan sa'o'i ne a mako, daga tashi sujada zuwa lokacin da yaran mota za su fara kiran fasinja.

A ƙarƙashin rumfar gidana akwai allo da na shafa wa baƙin fenti. Lahadin farko na ba shi alli, na rubuta masa tambaya irin tasu ta shekarar farko, wadda amsa kaɗai ba ta isa, sai ka nuna hanyar da ka bi layi bayan layi. Ya tsaya yana kallo. Ya rubuta layi biyu ƙanana kamar sawun tururuwa, kafin in matso in karanta ya sa hannun riga ya share. Na tambaye shi amsar da baki, ya faɗa a hankali, kuma kusan daidai ce. Na ce to rubuta yadda ka same ta.

"Ban tabbata ba, Mushe."

Haka muka yi ta yi har rana ta karkata. Da na gaji na tambaye shi abin da ya rubuta a jarrabawar da ta kayar da shi. Ya ce sunansa. Na ce sai me? Ya ce shi ke nan. Ya zauna tun daga farko har ƙarshe, ya miƙa farar takarda. Na yi tsawar da kajin matata suka watse.

Da na huce ya yi mini bayani, idonsa a ƙasa. A gidansu namiji ba ya buɗe baki gaban babba sai ya tabbata. Wanda ya yi saurin magana ya kuskure, tsaransa za su riƙa tuna masa har ya yi furfura. A lise ya tsira ne don tambayoyin ba su fi ƙarfinsa ba, yana gama su a kai kafin ya taɓa takarda. A jami'a kuwa babu tambayar da take ƙarewa a kai.

"Mushe, ƙaƙa zan miƙa ma babban malami abin da nis san da kuskure ciki? Awa ka ba baƙo nono da ƙuda a kai."

Na ce masa malaman nan hanya suke ba wa maki, ko amsar ƙarshe ta karkace. Na ce da babu gara ba daɗi. Ya ce, "To, Mushe." Na san irin wannan to ɗin, ladabi ne kawai, babu abin da ya shige shi.

Daga nan hankalina bai ƙara kwanciya ba. Gero ya tsiro a gonakin bakin gari, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ni kuwa ina kallonsa gabana na faɗuwa, domin na san yana nuna jarrabawa ta zo. Na ɓoye tsumman goge allo, ya ci gaba da hannun riga. Na ba shi biro da takarda, ya rubuta, ya ninke, ya cusa a aljihu, ya ce zai gyara a gida. Na yi lallashi, na yi faɗa, na koma lallashi. A majami'a bakina yana waƙa, kunnena yana kan hanyar Sanam, ko motar ta shigo ko ba ta shigo ba. Na kai har ina jin haushin fasto in ya ja wa'azi, sannan in ji kunyar kaina.

Ni a wurina lissafi da bangaskiya ba su taɓa rabuwa ba. Ina ganin tsarin da ke cikin lissafi aikin hannun Allah ne, kuma na yi imani Allahn nan yana karɓar mutum da karkatarsa, ba ya jira sai ya miƙe tukuna. Abin da yaron nan yake bukata ya ji ke nan, ni kuma abin da na hana kaina faɗa ke nan. Ɗan Musulmi ne, ubansa amana ya ba ni, lissafi ya ce in koyar. A gari irin namu magana guda in ta fita a karkace, ta isa ta rufe mini ƙofofin da na yi shekaru ina gaisawa a bakinsu. Gaba kura baya sayaki. Abin da na iya kawai shi ne in yi masa addu'a a zuciyata kafin ya iso, in roƙi haƙurin da ba ni da shi.

Matata ce ta fara sa mini hannu a ido. Wata rana bayan ya tafi, tana tankaɗe, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Kai da kake tsawa kamar aradu, wa zai yarda ya yi kuskure a gabanka? Ni ma da na auna gishiri sai na duba ko kana kusa." Na buɗe baki zan kare kaina, na ga duk abin da zan faɗa da tsawa zai fito, na rufe.

Gero ya fara fitar da kai lokacin da motar ta yi sammako wata Lahadi. Yaron bai same ni a gida ba, aka nuna masa majami'a, ya zo ya zauna a gindin bishiyar dogon yaro da ke gefen taga. Ban san yana nan ba. A sujadarmu akwai wurin da mukan ɗaga murya gaba ɗaya, babba da yaro, mu ce mun yi laifi a wannan mako, mun kasa, mu roƙi gafara. Sai da na fito na gan shi. Na ce a raina shi ke nan, gobe labari ya kai Sanam cewa mushe ya fara jan ɗan mutane coci.

Muka kama hanyar gida ta bayan kasuwar dabbobi. Sai da muka wuce masu igiya ya ce, "Mushe, har da kai cikin masu cewa sun yi laihi?"

Na ce har da ni.

"Gaban matarka da ɗiyanka?"

Na ce kowane mako, kuma matata tana iya ƙara mini waɗanda na manta.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Mu ma muna neman gahwara kullum, amma tsakanin mutum da Ubangijinai na. Ku kun hwaɗa da ƙarhi, kun hito, kuma na ga mutane na ba ka hannu awa ba abin da ya hwaru."

Na auna maganata kamar mai tafiya a kan ƙaya. Na ce, "Ɗana, ka riƙe abin da babanka ya koya maka, ba don wannan aka kawo ka wurina ba. Abu guda zan gaya maka daga nawa wajen. Ban taɓa faɗin laifina na ga ƙasa ta tsage ta haɗiye ni ba. Kuma abin da ka ɓoye mini, ba ni da yadda zan gyara shi. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya."

A rumfa na ba shi alli, na koma nesa na zauna a kan turmi, na sa hannuwana a tsakanin gwiwoyi. Ya rubuta layi biyu. Hannun rigarsa ya tashi, ya tsaya a iska, ya sauka. Ya ci gaba. A tsakiyar allo ya yi kuskure, babba kuwa, irin wanda a aji zan jefa alli a kansa. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini. Ya kai ƙasan allo gumi ya jiƙa masa baya, amsar kuma ba daidai ba ce. Na tashi na nuna masa layukan sama, na ce duk waɗannan maki ne, naka ne, babu mai ƙwace su. Sannan na zagaye wurin da ya karkace, muka gyara tare. Ya daɗe yana kallon allon nan.

Sai dai lokaci ya riga ya ƙure. Lahadin da ta biyo baya ruwa ya yanke hanya, motar ba ta zo ba, na wuni ina zagaye rumfa. A 'yan ranakun da suka rage wani lokaci ya rubuta, wani lokaci tsohon halin ya dawo ya tsaya ƙiƙam. Ya tafi Yamai ban san wanne daga cikin biyun zai shiga ɗakin jarrabawa ba.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, babu labari. A rugarsu waya ba ta kamawa, lambar yaron kuma kullum a kashe. Na rame har abokan aiki suna tambaya ko zazzaɓi ne.

Wata Lahadi na dawo na tarar da dattijon a ƙofar gidana, shi kaɗai. Muka gaisa, gaisuwar ta yi mini tsawo kamar ba za ta ƙare ba, fuskarsa kuma ba ta nuna komai.

"Mushe, yaron ga ya hwaɗa mini abin da kak koya mishi."

Na tuna tagar majami'a, na fara haɗa kalmomin ban haƙuri.

"Ya ce kai kac ce shi riƙa yin kuskure gaban manya."

Na ce, "Haka ne, Baba, amma a takarda nake nufi."

Ya juya yana kallon wata akuya da ke cin bawon kankana a bakin lungu.

"Sun ce ya wuce. Da ƙyar, amma ya wuce."

Ban san lokacin da na zauna a dandariyar ƙasa ba, da rigata ta zuwa sujada. Hawaye suka zubo mini a gaban mutumin da a wurinsu namiji ba ya kuka, ya kau da kai don ya rufa mini asiri. Ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya juya wajen kasuwa, sannan ya tsaya.

"Allah shi saka ma da alheri, Mushe. Amma in ya zo gaishe ka, ka ce mishi kuskuren nan shi bar shi can Yamai. Kada shi kawo mini shi cikin garke."