Na'urar da Ba Ta Cin Faifai

Da ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Asabar Yaya Buba ya buɗe kwalin. Ina zaune a bakin ƙofa da littafina, na ga yana juya sabuwar na'urar gem ɗin gaba da baya, yana neman inda ake zura faifai. Babu.

Shagon gem yake da shi a bayan kasuwar Mubi. Yara sun fara gudu zuwa shagon maƙwabcinsa mai na'urar wani kamfani, shi ne ya ba da tsoffin nasa biyu ya karɓo wannan. Ga jakar faifai da ya yi shekaru yana tarawa, ga na'ura ba baki. Wasanninta sai an sauke ta intanet, mu kuwa a unguwarmu ko hoto za ka sauke sai ka hau katanga neman sabis.

Bayan isha'i muka kewaye murhun Dada, kakarmu, tana gasa masara. Daga Sorau aka auro ta, har ta rasu Hausarta ba ta rarrabe mace da namiji. Ina son wannan lokacin, don babu mai tilasta mini magana. Ranar har Yaya Buba ya zo ya zauna can gefe, bai taɓa masararsa ba.

"Ku matso da kunnuwa, ga shi ya iso," in ji Dada, don haka take buɗe tatsuniya.

Wai maƙera biyu ne a wani gari, ɗaya a wannan gaɓar mayo, wato kogi, ɗaya a waccan. Kowa na son manoma su zama nasa shi kaɗai. Na farko ya ƙera fartanyar da ƙarfenta ba ya shiga kowace ƙota sai tasa. Na biyu ya ji, ya yi haka shi ma, ya kuma riƙa sauya ƙirar duk shekara. Wani manomi ya tashi ranar ruwan fari da ƙotar wannan da ƙarfen wancan. Ya buga, ya ɗaure da igiya, ya zage su duka biyun. Dada tana kwaikwayon zagin da Fulatanci, ƙannena suna birgima don dariya.

Na daure na buɗe baki. "Dada, to wane maƙerin ya yi nasara?"

"Kai, ji yarinyan nan! Ashe yana magana? Ci masaranka."

Ba ta ƙarasa ba. Kafin lokacin kaka Yaya Buba ya rufe shagon, ya koma gyaran waya.

Yanzu ina jami'a, nakan karanta yadda kamfanonin nan ke ta shiri: wannan zai fito da na'urar riƙewa a hannu, wancan yana son a daina sayen na'ura ma, a riƙa biyan kuɗin wata. Nakan bi bayanan a tsanake, ina neman wanda zai kayar da wani. Ban taɓa ganin an ambaci mai shago irin yayana ba.

A hutun da ya wuce na same shi a rumfarsa, ya duƙufa kan wata waya. Na tuna masa tatsuniyar, na ce har yau ban san wanda ya ci ba.

Bai ɗago ba. "Malama Hauwa, duk karatun nan? Su biyun suka ci. Manomin ne bai yi shuka ba."