Hure da Kifin Ɗan Fari

A Balan, in ka tambayi tsofaffi labarin Hure matar marigayi Ɗantani, ba za su fara da kaɗinta ko daddawarta ba, ko da yake duk ta iya. Za su ce, "Au, mai kifin gilashi?" sannan su yi dariya. Dariyar banza ce, don a cikinsu babu wanda ya ja ko guga ɗaya na ruwan da matar nan ta ja.

Hure 'yar Toranke ce, daga gidan Fulanin da suka daɗe da rabuwa da shanu suka kama fartanya, amma ba su rabu da kunya ba. Ta haifi shida, uku suka rayu: ɗan farinta Kabo, da mata biyu da aure ya kai su nesa. Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa wasa, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Hure ta riƙe wannan fiye da kowace mace a unguwar. Tun ranar da ta yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, hannunta bai ƙara taɓa jikinsa ba. In ya zama dole ta ambace shi, sai ta ce "wancan."

Kabo ya girma ya tafi Kano, ya sami aikin kuku a gidan wani Bature mai sayen gyaɗa. Da ƙasa ta rikice, Baturen ya tattara nasa ya tafi, ya bar wa Kabo abin da ba ya shiga jirgi. Akwati ne na gilashi, tsawonsa kamu ɗaya da rabi, da yashi a ƙasa, da wata ciyawa mai dogon ganye da ke tsirowa a cikin ruwa, da 'yan kifaye masu jan wutsiya waɗanda ko ɗan yatsa ba su kai ba. A shekarar da aka fara yaƙin basasa Kabo ya iso da shi gida, kifayen a cikin gwangwani. Ya jera komai a ɗakin Hure, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya riga ya ba da sunansa a aikin soja.

"Inna, ga ajiya. A riƙa ba su abinci, kada kuma ciyawar ta mutu. In na dawo zan ɗauka."

Hure tana fuskantar bango tana tsince wake. Ta ce, "To."

Sallamar ke nan gaba ɗaya.

Wasiƙarsa in ta zo, a zaure ake karanta wa ƙanen mijinta, ita kuwa ba ta da bakin tambaya. Sai dai Lami, matar ƙanen mijin, ta wuce ta ƙofar ɗakinta tana magana da iska, ta ce an ce waɗanda suka tafi yaƙi kudu suna lafiya. Don haka duk abin da Hure ba ta iya yi wa ɗanta ba, sai ta juye shi a kan kifinsa. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma ta ƙulla a ranta cewa muddin tana hango su suna yawo ta cikin gilashin nan, to wancan yana da rai. Ta san wannan ba karatu ba ne. Takan yi istigfari, sannan ta koma ta leƙa.

Wata guda bai cika ba ganyen ciyawar ya fara ɗashewa. Hure 'yar manoma ce, ta san abin da shuka take so: rana da taki. Ta sa aka kama mata akwatin aka fitar da shi tsakar gida inda hantsi ke duka. Ta murtsuke kashin awaki ta tura a gindin kowace ciyawa. Kifayen kuwa baƙi ne a ɗakinta, kuma ba a taɓa jin baƙo ya kwana da yunwa a wurin Hure ba. Safe, rana da yamma tana watsa musu dusa da gutsuren tuwo.

Sai gansakuka ta ce ga ta nan. Ta fara da shafe gilashin, ta bi ganyen ta nannaɗe shi da wasu siraran zare masu santsi, daga ƙarshe ruwan kansa ya koma kore shar. Kifi sai ya zo daf da gilashi kafin a ga inuwarsa.

Lami ta leƙa ta riƙe haɓa. "Yaya Hure, miyar kuka kika kaɗa wa baƙin naki?"

Hure ba ta yi dariya ba. Ta kwashe kifayen a ƙwarya, ta zubar da ruwan duka, ta dirje akwatin da toka da soso kamar yadda take yi wa randa, ta cika shi da sabon ruwa daga rijiya. Ya yi ƙal, har matan maƙwabta suka shigo kallo. Kafin la'asar kifi goma sha ɗaya daga cikinsu sun juya ciki sama. Ta tsame su ɗaya bayan ɗaya, ta binne su a bayan ɗaki. Ranar nan tsoro ya hana ta cin abinci. Bayan kwana goma kuma gansakuka ta dawo kamar an aika mata goron gayyata.

Haka ta yi ta fama kusan shekara, tana wankewa tana dawowa, har Allah Ya kawo Baiwa, wata 'yar gidan masunta daga wajen Wudil da ke tallan busasshen kifi gida gida. Baiwa ta tsaya a kan akwatin, ta shinshina ruwan, ta tambayi abin da ake ba su. Da ta ji, sai ta sauke tallanta ta zauna.

"Baiwar Allah, ai ke kike kiwon gansakukar nan da hannunki. Rana take so, da ragowar abinci. Kin taɓa ganinta a ruwan da ke ƙarƙashin inuwa? Mayar da shi ɗaki. Taki kuma kada ki ƙara. Abinci sau ɗaya a yini, abin da yatsu biyu suka ɗauka."

"Yatsu biyu? Ai sai su mutu."

"Ƙoshi ne ke kashe su. Ruwan ma kada ki ƙara zubar da shi duka, sun saba da shi. Ɗebi kaɗan, ki mayar da wanda ya kwana a tulu."

Da ta sake zagayowa ta kawo mata 'yan katantanwa na bakin kogi masu lasar gilashi, da kainuwa guda uku don su yi wa ruwan rumfa.

Maganar Baiwa ta yi aiki, amma kada wani ya ce gansakuka ta tafi. Ba ta tafiya, raguwa take yi. Kowace safiya Hure ta fere ɓawon kara ta kankare gilashin daga ciki, ta bi ganye ɗaya ɗaya tana murje zaren da yatsa, ta rage kainuwa in ta yi yawa. Duk bayan kwana uku ta ɗebi ƙwarya huɗu ta mayar da huɗu. Da rani, lokacin da rijiyar unguwa ke ja da baya har sai an ƙulla igiya biyu, tulun kifi daban yake da na sha, kuma in ɗaya zai zauna babu ruwa, ba na kifi ba ne. Abin da ya fi ci mata rai shi ne rowar nan ta yatsu biyu. Kifayen su taso baki buɗe, ita kuma ta kau da kai tana jin kamar ta yi wa maraya ƙwauro.

Bikin 'yar ƙanwarta a Toranke, yini ɗaya ta yi ta juyo. Bayanta ya fara ciwo, fatar yatsunta ta tsattsage. Ta gaji, gajiya irin wadda barci ba ya saukewa. Aka ce yaƙi ya ƙare, 'ya'yan wasu suka dawo, nata shiru. Wasiƙa ma ta ɗauke wata tara. Ta ci gaba da kankara, don ba ta san wani abin da za ta yi ba.

Sai bayan kaka ta shekara ta huɗu Kabo ya shigo Balan da jakar soja a kafaɗa, ya rame, ya yi baƙi. Gida ya kaure da guɗa. Hure tana jin hayaniyar ta shige ɗaki ta ɗauki ɓawon kara. Da ya gama da mutanen zaure ya zo ya tsuguna a bakin ƙofarta.

"Inna, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau," in ji ta, ba ta juyo ba.

Sai idonsa ya kai kan akwatin. Ruwa garau, ciyawa ta kai har sama, kifaye sun fi hamsin, jikokin jikokin waɗanda ya bari. Ya yi 'yar dariya.

"Ikon Allah! Abin nan yana nan? Wallahi na manta da shi tun a Kaduna."

Lami, daga bayansa, ta ce, "Ka manta? Shekara huɗu baiwar Allah nan ba ta kwana a wani gari ba saboda shi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya dubi yatsun uwarsa, ya dubi tulun da ke gefe. Hutun kwana bakwai aka ba shi, daga nan zai koma bariki, ba shi da inda zai kai akwatin gilashi. Ya miƙe ya shiga ɗakin.

"Wahalar ta isa haka, Inna. Bari in juye su a kududdufi ki huta."

Ya sunkuya ya sa hannu biyu a gindin akwatin. Ruwan ya yi tangaɗi, kifayen suka watse. Hure ta saki ɓawon karan ta damƙe wuyan hannunsa.

"Kabo. Ajiye."

Lami ta toshe baki ta ja da baya. Kabo ya tsaya a sunkuye, bai ɗaga ba, bai saki ba. Shekararsa talatin da ɗaya, bai taɓa jin sunansa a bakin nan ba.

"In ka zubar," in ji Hure, muryarta ƙasa ƙasa, "in ka koma, me zan riƙa dubawa?"

Ya zare hannunsa daga gindin akwatin a hankali. Ita kuwa ba ta saki nasa ba tukuna.