Wanda Yake Nome Gonar Ladiyo

Abin da ya fara ɗauke mini ido shi ne wani ɗan layi kore, siriri kamar tsinken tsintsiya, yana ƙyaftawa a ƙarƙashin rubutuna. Ba ni na sa shi a wurin ba. Muna zaune ne a ɗakin taro a Kazaure, mu ma'aikatan laburare na nan da na Babura da Roni da Gwiwa, ana koya mana aiki da intanet: yadda za mu buɗe zauren hira da masu karatu, da yadda mutane da yawa za su yi rubutu a shafi ɗaya lokaci guda, kowa daga kwamfutarsa. Madam Rifkatu, mai koyar da mu, ta ce kowa ya rubuta abin da ya ga dama, ya bar shi a buɗe ga sauran. Ba a sa sunayenmu ba tukuna, launi kawai aka ba kowa. Ni kuwa sai na rubuta wata tatsuniya da ban taɓa jin ƙarshenta ba.

Daga bakin Iya Mairo na ji ta, mahaifiyar babana, a ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Roni. Can ake kai ni hutu. Idan aka idar da sallar magariba, Iya takan ɗora kasko a murhu, ta zuba yashi, ta juye gyaɗa a ciki, mu jikoki mu kewaye ta. Hasken wutar yana hawa fuskarta yana sauka, ƙamshin yana cika tsakar gida. Dokarta ɗaya ce: tatsuniya tana tafiya ne muddin gyaɗa tana kan wuta. Da ta sauke kasko, bakinta ya rufe.

"Ga wata nan tafe, ku matsa mata," in ji ta, mu kuma mu ce ta ƙaraso.

Ranar ta ba mu labarin Ladiyo, marainiya mai gona a bayan dutse, wadda ciyawa ta fi ƙarfinta. Wata safiya ta je ta tarar an nome mata wani sashe. Washegari ma haka. Sai ta fara ajiye ƙwaryar fura a gindin kuka, ta dawo ta same ta wayam, an bar mata magarya ko tsamiya a ciki. Abin ya hana ta sukuni. Ta yi sammako tun kafin gari ya waye, ta hau kukar ta laɓe, sai ga motsin tafiya daga bayan dutse.

Nan Iya ta sauke kasko. Muka yi ta magiya, har da masu hawaye.

"Ku bar Ladiyo a kan kukarta, ba za ta faɗo ba," ta ce tana tankaɗe yashi. "Ku miƙo hannu, 'yan nema."

Da safe babana ya zo ya maido ni Kazaure. Kafin wani hutun Allah ya yi wa Iya rasuwa. Na tambayi 'yan'uwana, suka ce ba ta sake komawa kan labarin ba.

Haka na girma da Ladiyo a kan kuka. Da na fara karɓo hayar littattafan soyayya a kasuwa, sai na ƙarasa mata da kaina: ɗan sarki ne ya ɓad da kama, dogo, mai sanyin murya, ya hango ta a bakin rijiya ya kasa barci. Na daɗe ina yi masa kwalliya a raina, amma ban taɓa yarda cewa shi ne ainihin ƙarshen ba. Shi ya sa a shafin na tsaya daidai inda Iya ta tsaya.

Koren layin nan ya fara rubutu, harafi bayan harafi, a hankali kamar mai jin nauyina. Na saci kallon wani matashi daga Babura mai shuɗiyar hula, na ce a raina lallai shi ne. Ga abin da ya fito: wai wani manomi ne Ladiyo ta gani, ya nome kunya ɗaya, ya kurɓi fura, ya wuce gonarsa. Bayansa wata tsohuwa ta zo ta cire 'yar ciyawar da ta iya. Sai makiyayi, sai mai itace. Kowannensu yana zaton shi kaɗai yake taimakonta.

Ba ɗan sarki, ba aure. Na goge shi. Layin ya dakata, ya sake farowa. Na sake gogewa. Sai wata murya ta taso daga bayan ɗaki.

"Madam, wannan kwamfutar tawa fa tana jin yunwa. Ina rubutawa tana cinyewa."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Malam Sabo ne daga Gwiwa, dattijo mai furfura da ke dab da ajiye aiki, tabarau a ƙarshen hanci, yana buga haruffa da yatsa ɗaya. Madam Rifkatu ta ce dama darasin da za mu shiga ke nan. Ta nuna mana inda ake ganin wanda ya canza abu, da yadda ake maido da abin da aka goge, da yadda mutum zai bar ra'ayinsa a gefen shafi ba tare da ya taɓa aikin wani ba. Jan launin da aka ba ni ya fito ɓaro-ɓaro a shafin da ta haska a bango, kowa ya ga ni ce mai gogewar.

Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ai ɗan sarki ya kamata ya zama."

"'Yata, a ina kika taɓa ganin ɗan sarki da fartanya? Mu dai a Gwiwa haka tsofaffinmu suke sauko da Ladiyo daga kan kukar."

Har yau ban sani ba ko nan Iya za ta kai mu. Amma yanzu nakan buɗe shafinmu da safe in tarar wani daga Roni ya gyara sunan littafin da na rubuta ba daidai ba, wata daga Babura ta amsa tambayar ɗalibar da na bari jiya, ba wanda ya tsaya jiran godiya. A irin wannan lokaci nakan ji ƙarshen da Malam Sabo ya ba tatsuniyar ya zauna mini daram, ko da yake ɗan sarkina bai bar zuciyata gaba ɗaya ba.

Malam Sabo ya ajiye aiki tuntuni, idanunsa ma sun daina ganin ƙananan haruffa. Yanzu yawo yake yi a ƙauyukan Gwiwa da wayarsa a aljihu, yana ɗaukar muryar tsofaffin mata suna ba da tatsuniya, ya turo mana zaure, mu kunna wa yara ranar Asabar. Ya ce wahalarsa ɗaya ce: babu tsohuwar da ke barinsa ya tura sai ya maimaita mata muryarta ta saurara, kuma yawancinsu sai sun ce a sake, ba su yi gyaran murya ba.